Me Ya Hana Napoliyon Yi Wa Jozefin Kishiya?

Duk majalisar da aka ɗauko labarin Napoliyon, sarkin Faransa da ya rabu da matarsa Jozefin don ba ta haifa masa magaji ba, ko a rumfar mai shayi a Maigatari ne ko a ƙofar gidan dagaci a ƙasar Ringim, sai wani ya tari numfashin mai magana: to mene ne abin saki a nan? Mutumin da ya naɗa 'yan'uwansa uku sarauta a ƙasashen mutane, a ce ya gaza ƙaro mata ya bar uwargida a ɗakinta da darajarta? Tambayar tana kan hanya. Bin amsarta ma ya fi labarin soyayyar tasu daɗi, domin a nan ake ganin abin da mai ƙarfi yake yi idan dokar da ya kafa da hannunsa ta tare masa gaba.

Coci da dokar ƙasa duk mace ɗaya suka yarje wa namiji, wanda ya ƙara aure alhali na farko yana nan, laifin ɗauri ya yi. Ɗan da mai aure ya samu a waje kuma, kundin dokokin da Napoliyon ya sa wa hannu a 1804 ya hana ma uban ya amsa shi a hukumance, balle a zo maganar gado. A nan ba su yi nisa da mu ba, ɗan gaba da Fatiha ba ya gadon uba a wurinmu ma. Inda muka raba hanya shi ne su ba su da ƙofar halal ta biyu: ba kishiya, ba kuma ƙwarƙwara irin ta gidajen sarautarmu na da, wadda ɗanta cikakken ɗa ne, yana iya hawa karaga. Ga shi sarautar da aka ba shi ranar 18 ga Mayu 1804 an rubuta ta gado ce, daga namiji zuwa namiji, 'ya'yan aure kawai. In dai ɗan cikinsa yake so ya gaje shi, dole ɗakin ya zama ba kowa kafin wata ta shiga.

Jozefin bazawara ce mai 'ya'ya biyu, ta kuma girme shi da shekara shida. An haife ta ranar 23 ga Yuni 1763 a tsibirin Martinik, can yankin Karibiyan, a gidan Turawa masu gonar rake da bayi baƙar fata ke nomawa. Aurenta na fari na maye gurbi ne: ƙanwarta aka nema wa Alexandre de Beauharnais, yarinyar ta rasu, aka turo yayar. An ɗaura a Disamba 1779 tana da shekara 16. Ta haifi Eugène a 1781, ta haifi Hortense a 1783, zama ya ƙi daɗi, suka raba gida ba saki. Juyin juya halin Faransa ya zo ya haɗa su a kurkuku ɗaya a 1794. An fille wa mijin kai ranar 23 ga Yuli, kwana huɗu bayan haka gwamnatin Robespierre, jagoran masu juyin juya halin, ta faɗi, ita aka sako ta ranar 6 ga Agusta. Ta fito ba miji ba dukiya, sai yara biyu da bashi da iya zama da manya. Da wannan jarin ta raɓi Paul Barras, ɗaya daga cikin masu riƙe da ƙasar, kuma a cikin mutanensa ta gamu da wani siririn janar ɗan tsibirin Kosika, wato Napoliyon, a ƙarshen 1795.

Shi ya kamu da gaske, har ya watsar da Désirée Clary, yarinyar da ya yi wa alkawari a Marseille. Amma ko shi akwai lissafi a ciki: baƙo ne mai magana da harshen Faransanci a karkace, auren matar da ta fito daga gidan masu asali zai sa a daina yi masa kallon bare, kuma ya zaci tana da kuɗi. Ita kuwa tana neman inuwa ne. Kwana ɗaya kafin aure suka je wurin mai rubuta yarjejeniya, aka rubuta dukiyar kowa tasa ce, bashin kowa nasa ne, in ya riga ta mutuwa za a riƙa ba ta faran 1,500, kuɗin Faransa na lokacin, a shekara. Sadaki babu shi a tsarinsu. A can amarya ce ke zuwa da dukiya, wannan kuwa ba ta da abin zuwa da shi.

An ɗaura ranar 9 ga Maris 1796 da dare, a ofishin gunduma da ke titin Antin a birnin Faris. Auren gwamnati ne zalla, ba coci ba limami, domin tun 1792 hukuma ta karɓe rajistar aure daga hannun coci. Ango ya makara ƙwarai, hankalinsa yana kan yaƙin Italiya da aka damƙa masa mako guda kafin nan. Jami'in da ke da hurumin ɗaurawa ya gaji da jira ya tafi, wani ya tsaya a madadinsa. Cikin shaidu huɗu, hadiminsa Lemarois shekararsa 19, doka kuwa 21 take so. Sai maganar shekarun haihuwa. A lokacin Martinik da Kosika duk suna hannun sojan Ingila, ba halin a aika a ɗauko takardar haihuwa, don haka aka karɓi abin da aka faɗa. Ita ta zabge huɗu ta ce 1767, shi ya ƙara wata goma sha takwas ya ce Fabrairu 1768. A takarda suka koma tsaran juna, kowa 28. Uwarsa Letizia ba ta ji ba sai da aka gama, kuma har ta mutu ba ta huce ba. Shi da bakinsa ya ba da labarin cewa a daren farko karen amarya, wanda ya saba kwana a gadonta, ya cije shi a ƙafa. Kwana biyu ya yi ya tafi fagen daga.

Wasiƙun da ya riƙa aiko mata daga Italiya su ne suka sa auren ya yi suna har yau. Yakan rubuta bayan an tashi daga fafatawa, wani lokaci da kiɗima, yana roƙo, yana zargi, yana sake roƙo a takarda ɗaya. Amsarta gajeru ce, in ta zo ke nan. Ta yi ta jan ƙafa a Faris, har aka kai masa labarin tana da ciki alhali babu. Da ta tashi tafiya a ƙarshen Yuni, cikin ayarinta har da wani matashin hafsa mai ban dariya, Hippolyte Charles, wanda suke tare a ɓoye. Mutanen Faris sun sani, hafsoshi sun sani, mai gida ne kaɗai ya toshe kunne. Sai a Masar, a Yuli 1798, abokinsa Junot ya fasa masa ƙwan. Ya zauna ya rubuta wa yayansa Joseph wasiƙar baƙin ciki, jiragen yaƙin Ingila suka kama jirgin da ke ɗauke da ita, jaridun Landan suka buga. Sirrin ɗakinsa ya zama abin karantawa a ƙasar abokan gaba. Ya rama da Pauline Fourès, matar wani ƙaramin hafsansa, ya riƙa yawo da ita a fili a Alƙahira.

Ya dawo Faransa a Oktoba 1799 da niyyar saki, kuma a wannan lokacin sakin abu ne mai sauƙi, dokar 1792 ta buɗe ƙofarsa sosai. Jozefin ta fita tarye don ta riga danginsa isa gare shi, ta bi wata hanya shi ya biyo wata, suka yi saɓani. Da ta komo ta tarar ya kulle kansa a ɗaki, an tattara kayanta. Ta daɗe tana kuka a bakin ƙofa bai buɗe ba, sai da Eugène da Hortense suka sa baki, yaran da yake ji da su kamar nasa. Washegari ƙanensa Lucien ya zo jin yadda aka ƙare da sakin, ya same su a ɗaki ɗaya. Akwai soyayya a wannan yafiyar, akwai kuma siyasa: saura mako uku ya kifar da gwamnati, ranar 9 ga Nuwamba, kuma mai shirin juyin mulki ba ya son shari'ar kwartanci a kansa. Daga nan reshe ya juye da mujiya. Ba a ƙara jin ta da kowa ba, shi kuwa ya shiga neman mata ba ƙaƙƙautawa, ita ce ta koma mai kishi da sa ido.

Abin da ya fi haɗa su faɗa a kullum bashi ne. Yana Masar ta sayi gidan gona na Malmaison a kan sama da faran 300,000 ba ta da kuɗin a hannu. Sakatarensa Bourrienne ya rubuta cewa da aka ce ta kawo lissafin abin da ake bin ta, ya kama faran 1,200,000, ta roƙa a gaya wa mai gida rabi kawai. Aka ba da 600,000. Da Bourrienne ya zauna da takardun 'yan kasuwa, ya ga an ninka farashi, an sa kayan da ba a kawo ba, sai ya yi musu tayin rabi, yawancinsu suka karɓa da murna. Matsalar ita ce ba ta iya cewa a'a ga mai talla ko mai roƙo, ba ta kuma tambayar kuɗin abu kafin ta karɓa. Amma wannan sakin hannun nata ya yi masa rana. Ita ce ta riƙa shiga tsakani ana yafe wa masu sarautar da suka gudu lokacin juyin juya hali, suna dawowa gida, suna zama mutanensa. A Martinik kuwa ba a tuna ta da alheri. Gwamnatin mijinta ta tabbatar da bauta a 1802, mutanen tsibirin suna ganin da hannun 'yar masu bayi a ciki, ko da yake babu takardar da ta nuna haka. An fille kan gunkinta a can a 1991, aka tumɓuke shi gaba ɗaya a 2020.

Yanzu ga maganar haihuwa, wadda ta zo a juye da yadda muka saba. A ƙauyukanmu in aure ya shekara uku shiru, matar ake fara kai wa wurin mai magani. A nan kuwa matar tana da shaida biyu masu tafiya da ƙafafunsu, don haka zargi ya koma kan mijin, shi ma ya daɗe yana zaton daga gare shi ne. Ba wanda ya tsaya ya lura cewa haihuwarta ta ƙarshe tun 1783 ce, shekara goma sha uku kafin su yi aure. Ta nemi magani iyakar ƙoƙarinta. Likitansu Corvisart ya ba ta nasa, ta yi ta zuwa wankan ruwan ɗumi na Plombières da ake cewa yana buɗe mahaifa. A can ne ma a Yuni 1798 barandar bene ta rufta da ita ta ji ciwo sosai.

Da ta ga shiru, sai ta nemi dabara irin ta gida. A Janairu 1802 aka aurar da 'yarta Hortense ga Louis, ƙanen Napoliyon, don in an sami namiji ya zama jinin gidajen biyu. Ma'auratan ba sa ƙaunar juna ko kaɗan, amma an sami yaron a Oktoba 1802, kuma dokar sarauta ta ba Napoliyon damar ɗaukar ɗan ɗan'uwansa ya mai da shi magaji. Yaron nan shi ne katangar da auren Jozefin ya jingina da ita. Ya rasu a Mayu 1807 yana da shekara huɗu, ciwon maƙogwaro mai toshe numfashi ya ɗauke shi. Dangin miji kuwa, uwa da 'yan'uwa mata uku da maza, ba su taɓa ɓoye cewa so suke a kore ta ba.

Kafin nan ta yi wani yunƙuri da ya kusa tsare ta. An gayyato Fafaroma Pius na Bakwai daga Rum don bikin naɗi na 2 ga Disamba 1804. Dab da bikin ta keɓe da shi ta gaya masa aurensu na ofis ne kawai. A idon coci wannan zaman dadiro ne, Fafaroma ya ce ba zai shafa wa masu irin wannan zama mai ba sai an gyara. Napoliyon ya fusata, amma baƙi sun cika gari, ba yadda zai yi. Ranar 1 ga Disamba da la'asar kawunsa Kadinal Fesch, babban limamin coci, ya ɗaura musu auren coci a cikin fadar Tuileries, a asirce. Jozefin ta karɓi takardar shaida daga hannun Fesch ta adana, ta ɗauka ta gama, tunda auren Katolika ba a kwance shi sai mutuwa. Sai dai ƙa'idar coci tun taron Trent na 1563 ita ce dole limamin unguwar ma'aurata ya halarta, da shaidu biyu ko uku. Napoliyon ya ce ba ya son kowa a wurin, aka yi ba limamin unguwa ba shaidu. Tun ran gini ran zane.

Abin da ya sauya lissafi shi ne samun tabbacin cewa shi lafiyarsa ƙalau. A Disamba 1806 wata yarinya daga gidan ƙanwarsa Caroline, Éléonore Denuelle, ta haifi namiji ta ce nasa ne. Ya yi shakka, domin ana raɗe-raɗin mijin Caroline ma yana zuwa wurinta. Amma a 1809 Marie Walewska, 'yar ƙasar Folan wadda ba ya kokwanton amanarta, ta ɗauki cikinsa a Biyana. A shekarar nan harsashi ya same shi a ƙafa a Ratisbon, sannan ranar 12 ga Oktoba aka kama wani saurayi Bajamushe, Friedrich Staps, da wuƙa yana neman kusantarsa. Kowa a fada ya ga in ya faɗi yau, daular za ta watse gobe. Da ya dawo fadar Fontainebleau a ƙarshen watan, Jozefin ta tarar an toshe ƙofar da ta haɗa ɗakinta da nasa. Ranar 30 ga Nuwamba bayan cin abincin dare ya gaya mata. Ta faɗi ƙasa tana kururuwa, shi da wani bafade mai suna Bausset suka ɗauke ta suka sauko da ita ta wani siririn matakala.

To, a nan gizo ke saƙar. Kundin 1804 ya ƙuntata saki ƙwarai, kuma rashin haihuwa ba ya cikin dalilan da ya yarda da su. Dalilan su ne zina, da cutarwa ko cin mutunci mai tsanani, da hukuncin babban laifi a kan ɗaya daga cikinsu. Ko zinar ma ba a daidaita ba: miji yana iya saki don matarsa ta yi, mace kuwa sai in mijin ya ajiye farkar a cikin gidan aurensu. Saura hanya ɗaya, rabuwa bisa yardar juna, ita kuma an kewaye ta da sharuɗɗa. Miji ya kai 25, mace ta kai 21. Auren ya wuce shekara biyu, bai wuce ashirin ba. Matar ba ta kai 45 ba. Iyayen kowa da ke raye su amince a rubuce. A bayyana gaban alƙali, a sake komawa a wata na huɗu da na bakwai da na goma, sai shekara ta cika a yanke. Bayan an yanke, ba mai sake aure sai bayan shekara uku. Jozefin tana da 46 a gaskiya, ko da yake a takardar aurenta 42 ce. Jiran shekara huɗu kuwa ga mai gaggawar haihuwa ba zance ba ne. Ƙari a kan haka, dokar gidan sarauta da shi kansa ya fitar ranar 30 ga Maris 1806 ta haramta saki ga 'yan gidan, maza da mata.

Mai karatu zai ce, me ya hana a koma wa ɓarakar 1796, shaida ƙaramin yaro da shekarun ƙarya, a ce auren bai ɗauru ba tun asali? A ganina abin kunyar ya fi ƙarfin amfanin. Sai sarki ya tsaya ya ce ya yi wa hukuma ƙarya, kuma matar da ya ɗora wa kambi a gaban Fafaroma ba matarsa ba ce shekara goma sha uku. Babban lauyan daular, Cambacérès, ya zaɓi a tsallake kotu gaba ɗaya. Daren 15 ga Disamba 1809 aka tara dangi a fadar Tuileries. Napoliyon ya karanta takarda cewa maslahar ƙasa ce ta tilasta masa, yana da shekara arba'in, yana fatan ya rayu ya tarbiyyantar da 'ya'yan da Allah zai ba shi, kuma ba shi da abin faɗa game da matarsa sai yabo. Jozefin ta fara karanta tata amincewar, murya ta sarƙe, wani jami'i ya ƙarasa mata. Kowa ya sa hannu. Washegari majalisar dattawa ta fitar da doka ta musamman mai cewa auren ya warware. Eugène da kansa ya tashi a majalisar ya goyi bayan a rabu da uwarsa. Dokar ta bar mata muƙamin sarauniya da faran miliyan 2 a shekara daga baitulmali, Napoliyon ya ƙara miliyan 1 daga nasa, ya bar mata Malmaison da fadar Élysée, daga baya ya haɗa mata da gidan Navarre.

Saura coci, wanda ba ya saki, sai dai ya bincika ya ce aure bai ɗauru ba tun farko. Bisa al'ada shari'ar auren sarakuna ta Fafaroma ce. Fafaroman zamaninsu ne ya warware wa sarakunan Faransa Luwi na Goma Sha Biyu a 1498, da Henri na Huɗu a 1599. Amma a wannan karon Fafaroman yana tsare a garin Savona, kuma Napoliyon ne ya sa aka kama shi a Yuli 1809 bayan rikicin ƙasar Rum. Ba ka ɗaure alƙali sannan ka kai masa ƙara. Sai aka kai maganar ƙaramar kotun coci ta Faris, wadda dama ta taɓa rushe auren ƙanensa Jérôme da wata Ba'amurkiya a 1806 bayan Fafaroma ya ƙi. Aka gabatar da hujja biyu: babu limamin unguwa da shaidu, kuma ango bai yarda da zuciyarsa ba, tilasta masa aka yi. Fesch da wasu manyan fada uku, Berthier da Duroc da Talleyrand, suka ba da shaida. Ranar 9 ga Janairu 1810 kotun ta rushe auren a kan hujjar farko, kotun sama da ita ta tabbatar bayan kwana biyu. Hujjojin nan duk ba su da ƙwari. Fesch ya karɓo izini na musamman daga Fafaroma kafin ya ɗaura, wanda ake iya cewa ya rufe rashin shaidun. Batun tilas kuwa, a ce mutumin da sarakunan Turai ke rawar jiki a gabansa mace ta yi masa auren dole, ko yaro ya ji sai ya yi dariya. Jozefin ba ta ɗaukaka ƙara ba, shari'ar ta mutu a nan.

Neman amarya ya riga sakin farawa. Ƙanwar sarkin Rasha, Anna, aka fara nema, yarinya 'yar shekara goma sha huɗu zuwa sha biyar, uwarta ba ta so, aka yi ta ja masa rai. Ya juya ga Ostiriya, ƙasar da ya gama cinyewa da yaƙi a Wagram. Mari Luwiz, 'yar sarki Francis, shekararta 18, kuma an duba asalin haihuwa a gidansu: uwarta ta haifi goma sha biyu, kakar mahaifinta Mariya Tereza ta haifi goma sha shida. An ɗaura a Biyana ranar 11 ga Maris 1810 ta hannun wakili, wakilin ango kuwa baffan amarya ne, Charles, janar ɗin da ya gwabza da Napoliyon watanni kaɗan da suka wuce. Ango bai iya jira ba, ya tare ayarin a hanya ranar 27 ga Maris, ya kwana da ita a Compiègne tun kafin bikin Faransa, bayan ya tambayi Fesch ko auren wakilci ya wadatar. Aka yi na gwamnati ranar 1 ga Afrilu, na coci ranar 2. Kadinal goma sha uku suka ƙi halartar na cocin don ba su gamsu da hukuncin kotun Faris ba. Ya ƙwace musu jajayen riguna da albashi, ya rarraba su garuruwa a tsare.

Ranar 20 ga Maris 1811 aka haihu. Naƙudar ta yi tsanani, yaron bai zo da kai ba, likita Dubois ya rikice ya tambaya wa za a ceta in abin ya ƙi. Napoliyon ya ce uwar. Aka jawo yaron da ƙarfe, ya ɗan jima bai yi motsi ba, sannan ya yi kuka. An sanar tun farko cewa in mace ce igwa 21 za a buga, in namiji ne 101, don haka mutanen Faris suka tsaya suna ƙirga, a ta 22 gari ya ɗauki sowa. Aka ba jaririn sarautar Sarkin Rum.

Jozefin ta zauna a Malmaison da lambunta na furanni da tsirrai da dabbobin da ake kawo mata daga nesa, har da na Ostareliya. Yana rubuto mata, yana leƙo ta jefi-jefi, yana faɗan bashi kamar da, yana biya. Mari Luwiz tana kishinta, don haka sau ɗaya aka kai mata yaron ta gani, a ɓoye. Da daular ta rushe a 1814, sarkin Rasha Alekzanda ya riƙa kai mata ziyara, ita kuma tana lallaɓa shi don makomar 'ya'yanta. Sanyi ya kama ta a wani fita da suka yi, ya sauka a maƙogwaro da ƙirji, ta rasu ranar 29 ga Mayu 1814 tana da shekara 50. An binne ta a cocin garin Rueil. Napoliyon yana tsibirin Elba inda aka kai shi bayan faɗuwarsa, a jarida ya gani. Mari Luwiz kuwa rabonsa da ita da ɗansa tun Janairu 1814. Ubanta ya haɗa ta da wani janar, Neipperg, don ya hana ta bin miji, ta haifa masa 'ya'ya tun Napoliyon yana raye a tsare a tsibirin Sant Helena, ta auri janar ɗin bayan rasuwar Napoliyon a 1821.

Magajin da aka yi duk wannan dominsa ya girma a fadar kakansa a Biyana, bai mulki Faransa ba sai a suna na 'yan kwanaki a 1815, tarin fuka ya kashe shi a 1832 yana da shekara 21, bai bar baya ba. Wanda ya hau karagar daga baya, Napoliyon na Uku, daga 1852 zuwa 1870, ɗan Hortense ne, wato jikan Jozefin. 'Yar Eugène kuma ta auri Oscar, yariman ƙasar Suwidin, a 1823, ɗan Désirée ɗin nan da aka watsar a Marseille, kuma zuriyarsu ce ke sarautar Suwidin har yau. Dokar sakin ita ma ba ta daɗe ba bayan mai ita. Da tsohon gidan sarauta ya dawo, an soke saki gaba ɗaya a Faransa a 1816, ba a maido da shi ba sai 1884, shi ma sai da laifi. Rabuwa bisa yardar juna sai a 1975 ta sake shiga doka.